Abin da Akwati Bai Ɗauko Ba

Na sauka a Kwangila da akwati biyu:
shadda uku masu karin guga, turare, takalmi sabo,
garin kwaki rabin buhu, yajin Gwaggo Tabawa,
kilishi a naɗe cikin takarda.
Na ce, Samaru, ga ni na iso,
ban baro komai a gida ba sai tarkace.

Daren farko ya ƙaryata ni.
Famfo ya kawo ruwa biyu saura kwata,
baranda ta cika da gudu, kowa da bokitinsa,
ni kuwa ina tsaye da sabulu a hannu
kamar wanda ya je kasuwa ranar da ba ta ci.
Bokiti!
Wanda kaji ke hawa a tsakar gidanmu,
wanda nake shuri da shi in ina sauri,
a daren nan ko da kuɗin shadda aka ce, da na saya.

Banɗaki bai san takalmi sabo ba,
silifas yake tambaya, ko mai tsinkakken hanci.
Gidan sauro na kawo, ƙusa ce babu,
sai sauron Samaru suka yi mini guɗa har asuba.
Loka ta wangale baki tana jiran kwaɗo,
ba na bakin rafi ba, na ƙarfe mai ɗan makulli.
Kafin in farga kilishi ya yi ƙafa,
ya bar mini takarda da ƙamshi.

Ga risho, ga kananzir, ina ashana?
Na jiƙa gari, cokali ya ce yana gida,
na kafa kai a kwano kamar ɗan maraƙi.
Na yi wanki, babu igiyar shanya,
taga ta ɗauki riga, ƙofa ta ɗauki wando,
iska ta ɗauki singileti, har yau ba ta dawo da ita ba.

Akwai wani gwangwani.
Gwaggo ta cusa shi a akwati daren tafiya:
allura, zare baƙi da fari, maɓallai huɗu,
reza, man zafi, abin yankan farce.
Na zaro shi a ɓoye, na tura ƙarƙashin gado,
wai ɗan jami'a ba ya yawo da kayan tsofaffi.

Ranar rantsar da sababbin ɗalibai
na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi,
wando ya yi magana daga baya,
magana mai tsawo, kowa ya ji.
Ɗan hakin da ka raina, in ji mutanen da.
Nawa bai tsone ido ba, wani wuri ya nufa.

Iliya ɗan Zonkwa bai yi dariya ba sai daga baya.
Ya zaro allura daga jikin kalanda,
ya ce, cire, zauna, rufa da tawul.
Yana ɗinki yana ba ni labarin citta da damina.
Sallau na Gumel ya ce bokitinsa namu ne,
in dai zan riƙa tashi bin layi.
Niyi ɗan Offa ya raba igiyarsa biyu da wuƙa,
ni kuma na buɗe yajin Gwaggo,
har ɗaki na gaba suka zo da kwanonsu.

Da na zo da komai cif,
da ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba,
da na gama shekara ban san sunan maƙwabci ba.

Yanzu ina aji uku.
Gwangwanin yana kan loka, ya fara tsatsa,
maɓalli ɗaya ya rage.
Jiya da dare wani yaro ya tsaya a ƙofa,
shaddarsa na sheƙi, yana sosa ƙeya,
ya ce, don Allah, ko akwai ashana?
Na miƙa masa kwalin duka.
Ban tambayi sunansa ba tukuna,
gobe zai dawo neman cokali.